Rene Laennec: Likitan da Ya Fara Sauraren Ƙarin Sautin Zuciya

Akwai maganar da likita kan faɗa wadda take sa gaban iyaye ya faɗi. Zai ɗora abin sauraren ƙirji a kan yaro, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya ce ya ji wani ƙarin sauti a zuciyarsa. Masu kiwon kyanwa ma sukan ji irin wannan magana daga bakin likitan dabbobi, sau da yawa a ranar da suka kai ta allurar rigakafi kawai, tana cin abincinta, tana wasanta lafiya lau. Ko uwar yaro ce ko mai kyanwa, tambayar da za su koma gida da ita ɗaya ce: shin wannan sauti ciwo ne?

Mutumin da wannan tambaya ta fara ɗaure wa kai shi ne wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirjin da kansa. Sunansa Rene Laennec, likita ne Bafaranshe, ana kiran sunan nasa kamar Lenek. Shi ya raɗa wa sautukan zuciya da na huhu suna, har ɗaya daga cikin alamomin ciwon zuciya ya aro sunanta daga kyanwa. Shekara 200 ke nan da mutuwarsa, amma tarihinsa yana da amfani ga duk wanda aka taɓa ce masa an ji wani abu a ƙirjinsa, ko a ƙirjin ɗansa, ko na dabbarsa.

Maraya a gidan baffa

An haifi Rene Theophile Hyacinthe Laennec ranar 17 ga Fabrairu, 1781, a garin Quimper da ke yankin Bretagne, can yammacin Faransa kusa da teku. Mutanen yankin suna da yarensu daban da Faransanci. Mahaifinsa lauya ne mai son rubuta waƙoƙi, amma ba shi da riƙon kuɗi, kuma bai iya ɗaukar nauyin iyali ba. Mahaifiyarsa ta mutu a 1786, Rene yana ɗan shekara 5, kuma masu tarihi sun fi danganta mutuwar tata da tarin fuka, wato tibi.

Da uwa ta kau, sai aka kai shi da ƙanensa wurin wani ɗan'uwan babansu, limamin coci. Daga nan suka koma birnin Nantes, gidan baffansu Guillaume Laennec, likita kuma malamin koyar da likitanci. Wannan baffa shi ya zame masa uba. Shi ya ga yaron yana da kaifin basira, shi kuma ya ja shi zuwa aikin asibiti.

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Juyin juya halin Faransa ya fara a 1789, kuma Nantes na cikin biranen da aka fi zubar da jini a 1793 da 1794. Asibitoci suka cika da sojoji masu rauni. A 1795, yana ɗan shekara 14, Rene ya fara aiki a babban asibitin Nantes, yana wanke miki yana ɗaure rauni. A gefe guda yana koyon Latin da Girkanci, yana kuma busa sarewa. Wannan sarewa ba ƙaramin amfani ta yi masa ba, domin ita ta horar da kunnensa wajen bambanta sauti da sauti.

Shi kansa ba mai ƙoshin lafiya ba ne. Gajere ne, siriri, yana yawan fama da sarƙewar numfashi tun yana saurayi.

Karatu a Paris

A 1801 ya tafi Paris, ya shiga hannun Jean-Nicolas Corvisart a asibitin Charite. Corvisart gwani ne a kan ciwon zuciya, shi ne kuma ya zama likitan Napoleon. Likitocin Paris na lokacin suna da wata hanyar koyo da ta sauya likitanci baki ɗaya: su duba mara lafiya da kyau yana raye, su rubuta duk abin da suka lura da shi, idan ya mutu su buɗe gawar su ga abin da ke ciki, sannan su gwama biyun.

Matsalar ita ce, abin da likita zai iya ganowa a jikin mai rai kaɗan ne. Zai yi tambayoyi, ya duba harshe, ya duba fitsari, ya taɓa jijiyar hannu. Abin da ke faruwa a cikin ƙirji kuwa sai dai hasashe. Hanyoyi biyu kawai ake da su. Ta farko ita ce ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa, kamar yadda mai sayen kankana yake ƙwanƙwasa ta don ya ji ko ta nuna. Wani likita ɗan Ostiriya mai suna Leopold Auenbrugger ne ya bayyana ta a 1761, aka yi watsi da ita, sai da Corvisart ya fassara littafinsa a 1808 sannan ta karɓu. Ta biyu ita ce likita ya manna kunnensa a ƙirjin mara lafiya kai tsaye. Wannan tsohuwar hanya ce tun zamanin Hippocrates, amma tana da cikas: akwai ƙazanta, akwai kunya idan mace ce, kuma idan mutum mai jiki ne ba a jin komai sosai.

Laennec ya yi fice tun yana ɗalibi. A 1802 ya wallafa bayani a kan kumburin tantanin da ke lulluɓe da kayan ciki. A 1804 ya kammala karatunsa da kundi a kan koyarwar Hippocrates, ya kuma yi bayani a kan baƙar sankarar da yau ake kira melanoma. Wata rana kuma zarto ya yanke shi a yatsa yana cikin yanka ƙashin bayan wata gawa mai tarin fuka, har wani ƙululu ya fito a wurin, ya ƙone shi da magani ya ci gaba da aikinsa.

A 1814, lokacin da yaƙe-yaƙen Napoleon suka zo ƙarshe, an kawo sojoji marasa lafiya da yawa Paris, cikinsu har da 'yan Bretagne da ba su jin Faransanci. Laennec ya kula da su a asibitin Salpetriere, yana yi musu magana da yarensu. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin da ba a jin yarensa ya san darajar wannan.

Takardar da aka naɗe

A 1816 aka ba shi aikin likita a asibitin Necker da ke Paris. A shekarar ne aka nemi ya duba wata budurwa mai alamun ciwon zuciya. Tana da jiki, don haka ƙwanƙwasawa da taɓawa ba su nuna masa komai ba. Manna kunne a ƙirjinta kuwa bai dace ba, ganin mace ce kuma yarinya.

Sai ya tuna da wani abu da aka sani game da sauti: idan mutum ya kara kunnensa a ƙarshen dogon katako, wani kuma ya karci ɗaya ƙarshen da allura, zai ji karcin sarai. Ya ɗauko damin takardu, ya naɗe su tamau kamar yadda ake naɗe tabarma, ya ɗora baki ɗaya a saitin zuciyarta, ɗayan kuma a kunnensa. Ya ji bugun zuciyar fiye da yadda ya taɓa ji da kunne kai tsaye.

Mutane da yawa da sun tsaya nan. Shi kuwa ya koma ya yi ta gwaji da abubuwa iri-iri har ya tsaya a kan itace. Ya koyi aikin sassaƙa da injin juya itace, yana ƙera abin da hannunsa: dogon bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30, da rami a tsakiya, ana iya raba shi biyu a sa a aljihu. Kunne ɗaya ake ɗora masa. Ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin ƙirji, ɗaya na nufin dubawa. Wannan shi ne sitetoskof da kuke gani a wuyan likita da nas a yau.

Shekara uku yana saurare

Ƙera bututun ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne sanin ma'anar abin da ake ji. Shekara uku Laennec ya yi yana sauraren ƙirjin marasa lafiya a Necker, yana rubuta kowane sauti, idan mutum ya mutu ya buɗe ƙirjin ya nemi abin da ya haifar da sautin. A 1818 ya gabatar da bincikensa ga majalisar masana kimiyya ta Faransa, a 1819 kuma ya fitar da littafinsa mai juzu'i biyu, De l'auscultation médiate, wato saurare ta hanyar wani abu a tsakani. Ana sayar da littafin tare da bututun.

Tun da ba a taɓa jin waɗannan sautuka ba, babu sunayensu. Sai ya riƙa kwatanta su da abin da kowa ya sani. Akwai sautin huhu mai kama da gishirin da aka watsa a kasko mai zafi. Akwai mai kama da minshari, da mai kama da fito. Idan ruwa ya taru a gefen huhu, muryar mara lafiya takan fito ta bututun tana rawa kamar kukan akuya, sai ya sa mata sunan muryar akuya, kuma har yau da wannan suna ake koya wa ɗaliban likitanci ita. Idan tarin fuka ya ci rami a huhu, maganar mutum takan fito ta bututun kamar daga ƙirjin take fita kai tsaye.

A fannin huhu aikinsa ya tsaya da ƙafarsa har yau. Ya bambanta ciwon sanyin haƙarƙari, wato nimoniya, da taruwar ruwa, da buɗewar hanyoyin iska, da kumburin jakunkunan iska na huhu. Ya nuna cewa ƙananan ƙululu da manyan ramuka da ake gani a huhun masu tarin fuka duk ciwo ɗaya ne a matakai daban-daban. A cikin littafin ne kuma ya raɗa wa ciwon ƙandarewar hanta sunan da likitoci suke kiransa da shi har yau, sirosis, saboda launin rawaya-rawaya da ya gani a hantar.

Zugazugi, zarto da gurnanin kyanwa

Zuciya mai lafiya tana ba da sauti biyu a kowane bugu, kamar dum-tak, dum-tak. Laennec ya lura cewa a wasu mutane akwai wani huci da yake shiga tsakanin sautukan biyu ko ya biyo bayansu. Mafi yawan wanda yake ji ya kwatanta shi da hucin zugazugin maƙeri. Wani mai kaushi ya kwatanta shi da magagari a kan ƙarfe ko itace, wani kuma da zarto. Wannan huci shi ne abin da likita yake nufi idan ya ce ya ji ƙarin sauti a zuciya.

Akwai kuma alamar da hannu ne yake jin ta. Malaminsa Corvisart ya riga ya lura cewa a wasu masu ciwon zuciya, idan aka ɗora tafin hannu a ƙirjinsu, akan ji wata rawa a ƙarƙashin fata. Laennec ya nemi abin da zai kwatanta ta da shi, ya samu a jikin kyanwa. Duk wanda ya taɓa shafa bayan kyanwa tana kwance tana wannan gurnani nata mai laushi na jin daɗi, ya san yadda jikinta yake rawa a ƙarƙashin hannu. Da wannan ya raɗa mata suna, rawar gurnanin kyanwa, kuma likitoci masu aiki da Faransanci suna amfani da sunan har yanzu. Ya danganta ta musamman da ƙuntatar ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu na zuciya.

A yau mun san abin da yake kawo hucin. Zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu masu marfi, jini yana bi ta cikinsu ta hanya ɗaya. Idan yana tafiya sumul, ba a jin tafiyarsa. Idan ya hargitse, sai ya yi ƙara, kamar yadda ruwan tiyo yake shiru har sai an danne bakinsa da yatsa. Abubuwan da suke hargitsa shi su ne ƙofa ta ƙuntata, ko marfi ya ƙi rufuwa jini ya riƙa komawa baya, ko a sami huda a bangon da ya raba ɗakuna. Amma kuma jini yana iya yin ƙara alhali zuciyar lafiyarta ƙalau, idan yana gudu da sauri ko ya tsinke, kamar lokacin zazzaɓi, ko juna biyu, ko ƙarancin jini.

Inda ya sauya ra'ayi

Laennec bai san duk wannan ba. Hasali ma ya yi kuskure a kan sauti na biyu na zuciya, ya ɗauka matsewar ɗakunan sama ce take kawo shi. Sai bayan mutuwarsa, a 1832, wani likita mai suna Joseph Rouanet ya nuna cewa rufewar marafan ƙofofin ce take ba da sautukan.

A bugun farko na littafinsa, Laennec ya ɗauki hucin zugazugi a matsayin alamar lalacewar ƙofofin zuciya. Amma da ya ci gaba da bin hanyarsa ta saurare da buɗe gawa, sai ya riƙa cin karo da abin da bai zata ba. Ga mutum ya ji masa huci ƙarara yana raye, ya mutu da wani ciwo daban, an buɗe zuciyar an tarar babu abin da ya same ta. Da abin ya yi ta maimaituwa, bai rufe ido ba. A bugu na biyu da ya fito a 1826, ya janye maganarsa ta farko, ya koma ganin cewa hucin yana fitowa ne daga wata irin murɗewar tsokar zuciya ko ta jijiyoyin jini, ba lalle daga lalacewar ƙofa ba.

A nan ma ya zarce gona da iri. Likitocin da suka biyo bayansa, irin su James Hope a Ingila, sun tabbatar da cewa huci da yawa daga ƙofofin da suka lalace yake fitowa, har suka koyi gane wace ƙofa ce daga wurin da aka fi jin sautin da lokacin da yake zuwa. Gaskiyar tana tsakanin ra'ayinsa na farko da na biyu: wani hucin ciwo ne, wani ba ciwo ba ne. Abin da Laennec ya gani da idonsa daidai ne, bayanin da ya ba shi ne bai cika ba. Kuma ba kowane mashahurin malami ba ne zai fito a bugu na biyu ya gyara abin da ya faɗa a na farko.

Adawa, ciwo da mutuwa

Rubuta littafin ya cinye ƙarfinsa. A ƙarshen 1819 ya bar Paris ya koma gidan gonarsa da ke Kerlouarnec, kusa da garin Douarnenez a bakin teku, ya yi kusan shekara biyu yana hutawa. Da ya ji sauƙi ya dawo. A 1822 ya zama farfesa a College de France, a 1823 ya karɓi koyarwa a asibitin Charite inda ya yi ɗalibta. Ɗalibai daga Ingila da Jamus da sauran ƙasashe suka riƙa zuwa koyon saurare a wurinsa. John Forbes ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1821, ko da yake shi kansa mai fassarar yana shakkar ko likitoci za su rungumi bututun a aikinsu na yau da kullum.

Bai rasa abokan hamayya ba. Babbansu shi ne Francois Broussais, likitan soja mai kaifin harshe, wanda yake ganin kusan kowane ciwo daga kumburin ciki da hanji yake tasowa, maganinsa kuma a rage abinci a sa matsattsaku su zuƙe jini. Sun daɗe suna musayar zafafan maganganu a rubuce. A zamaninsu Broussais ya fi magoya baya. A yau babu mai bin koyarwarsa, bututun Laennec kuwa yana kowane asibiti.

Ya yi aure a 1824, bai bar ɗa ba. Yana cikin gyaran bugu na biyu ne tari da zazzaɓi da rama suka taso masa gadan-gadan. Ɗan baffansa, Meriadec Laennec, wanda shi ma likita ne kuma ɗalibinsa, ya ɗora masa bututun ya ji alamun da shi Rene ya koya wa duniya. Tarin fuka ne. Magani babu a lokacin. Laennec ya yarda cewa iskar teku tana taimakon masu ciwon, har ya taɓa sa a baza ciyawar teku a ɗakin marasa lafiya a Paris. Don haka ya koma Kerlouarnec, a can ya mutu ranar 13 ga Agusta, 1826, yana da shekara 45. Ya bar wa Meriadec takardunsa da bututunsa.

Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar da ke kawo tarin fuka, maganin farko mai kashe ta kuma sai a shekarun 1940. Ciwon da ya kashe Laennec yau ana warkewa daga shi da magani na wata shida idan an sha shi yadda aka tsara.

Daga ƙirjin mutum zuwa na kyanwa

Bututun ya ci gaba da sauyawa. A 1851 da 1852 Arthur Leared da George Cammann suka fito da mai kunne biyu. A 1933 Samuel Levine ya kawo tsarin auna ƙarfin huci daga mataki na 1 zuwa na 6, kuma huci mai ƙarfi shi ne yake zuwa da rawar nan ta gurnanin kyanwa. A 1953, a birnin Lund na Suwidin, Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara duba zuciya da sautin da kunne ba ya ji, wanda ya haifar da hoton zuciya da ake kira eko. Abin da Laennec sai ya buɗe gawa yake gani, yanzu ana ganinsa mutum na kwance yana hira. Gani ya kori ji.

Likitocin dabbobi ma sun ɗauki bututun, kuma a wurinsu ya fi zama dole, tun da dabba ba ta faɗin inda yake mata ciwo. Sauraren zuciyar kyanwa aiki ne mai wuya. Zuciyar ƙarama ce, tana bugawa sau 140 zuwa 220 a minti ɗaya, kuma gurnanin nan da Laennec ya ari sunansa yakan rufe komai, har sai likita ya buɗe famfo kusa da ita don ta yi shiru.

A jikin kyanwa, matsalar da ta sa Laennec sauya ra'ayi ta fito fili fiye da ko'ina. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya duba kyanwoyi 780 masu alamar lafiya a gidajen tsugunar da dabbobi a Ingila. An ji huci a kusan kashi 41 cikin 100, amma waɗanda eko ya nuna suna da ciwon kaurin tsokar zuciya kusan kashi 15 ne. Mafi yawan hucin bai fito daga zuciya mai ciwo ba. Tsoron asibiti kaɗai yana iya sa zuciyar kyanwa ta yi sauri har a ji huci, ya kuma ɓace idan ta natsu. 'Ya'yan kyanwa sukan yi huci mai taushi da yake gushewa kafin su kai wata shida. Ƙarancin jini, hawan jini, da yawan aikin ƙululun wuya da ake kira tayirod a tsofaffin kyanwoyi, duk suna iya kawo shi.

A ɗaya gefen kuma, kyanwa tana iya samun ciwon zuciya ba tare da an ji huci ko kaɗan ba. Kaurin tsokar zuciya shi ne ciwon zuciyar da ya fi yawa a kyanwoyi. Bangon ɗakin hagu na ƙasa yakan yi kauri, ɗakin ya ƙi cika da jini yadda ya kamata. A nau'o'in Maine Coon da Ragdoll an gano cewa gado ne, ta hanyar sauyi a ƙwayar halittar MYBPC3, wadda ita ma tana cikin masu kawo irin wannan ciwo a ɗan Adam. Shi ya sa ƙarfin huci ba ya nuna girman ciwo a kyanwa, eko ne yake raba gardama.

Mai kyanwa yana da abin da zai iya yi a gida. Ya ƙirga numfashinta tana barci: idan kullum yana wuce 30 a minti ɗaya, a kai ta likitan dabbobi. Idan tana numfashi baki buɗe, ko ta suma, ko ƙafafunta na baya suka shanye farat ɗaya suka yi sanyi tana kuka, wannan na gaggawa ne, domin yana iya zama ruwa a huhu ko gudan jini da ya toshe babbar jijiya. Kada kuma a ba ta maganin mutane. Farasitamol ƙwaya ɗaya yana iya kashe kyanwa.

Abin da tarihinsa ya bar mana

Idan likita ya ce ya ji ƙarin sauti a zuciyarka ko ta ɗanka, abin da ya faɗa shi ne ya ji sauti. Bai riga ya ce akwai ciwo ba. Yara da yawa masu lafiya suna da huci mara illa, musamman idan suna zazzaɓi. Ana jin sa a masu juna biyu, da masu ƙarancin jini, da masu sikila. Amma kuma yana iya zama alamar farko ta hudar zuciya da aka haifi yaro da ita, ko ta lalacewar ƙofofin zuciya da take biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi maganinsa da kyau ba. Don haka tsoro ba shi da amfani, sakaci ma haka.

A tambayi likita ko hucin irin mara illa ne ko yana buƙatar eko da gwajin jini, a kuma je a yi idan ya rubuta. A gaya masa idan akwai haki, ko kumburin ƙafa, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko jariri yana gajiya da zufa wajen shan nono, ko leɓɓansa suna yin shuɗi, ko ba ya ƙara nauyi. Duk mai tari na sama da mako biyu kuma ya je a gwada majinarsa.

Laennec bai taɓa tsayawa a kan abin da kunnensa ya ji ba. Kullum sai ya nemi ya ga abin da ya kawo sautin, ko da abin da zai gani zai rushe maganarsa. A zamaninsa sai an jira mutum ya mutu kafin a samu amsa. Mu yau muna iya samun ta da gwajin da bai kai awa ɗaya ba, mai ciwon yana raye, da sauran lokacin yi masa magani.